Tun Sha'awa Ba Ta Huce Ba: Cinikin Tufafi Kai Tsaye ta Waya

  Ina gaida mutanen Kucheri da na Tsafe. Ina gaida na Gusau da na Bungudu, da duk inda muryar nan ta kai. Gaisuwa ta musamman ga teloli da ke kan keke yanzu haka, rediyo a gefe, awo rataye a wuya. Sannunku da aiki. Masu shagon yadi da atamfa, Allah ya kawo kasuwa. Iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida, ku matso kusa, yawancin maganar yau taku ce.

Batun tufafi za mu yi. Yadda ake sayar da su ta waya, kai tsaye. Samari na ce masa laif. Wato bidiyon da ake watsawa a daidai lokacin da ake ɗaukar sa. Mai kaya na ɗagawa, mai saye na kallo. Ya yi tambaya, a ba shi amsa nan take. Ya ce a juya, a juya. Ya ce a matso da shi, a matso.

Za mu fara leƙa ƙasashen waje, mu ga inda abin ya samo asali. Ba za mu daɗe a can ba. Sai mu dawo gida, mu zauna a kan yadda ake yi, da abin da shari'a ta ce, da batun kuɗi da hanya.

To, kashi na farko. Me ya haɗa nunin tufafi da cinikin waya?

A Faris da Milan da Landan, manyan kamfanonin ɗinki suna shirya bikin nuna sabbin kaya sau biyu a shekara. Ana kafa dogon dandamali. Masu tallar kaya su sa tufafin, su taka har ƙarshensa, su juyo. Jama'a na zaune hagu da dama suna kallo. Amma a tsarinsu na da, wanda ya ga riga a dandamali yau ba zai same ta a shago ba sai bayan kusan wata shida. Ku ji fa, wata shida.

Me ke faruwa cikin wata shidan nan? Abu biyu. Sha'awar mai kallo ta huce. Sannan masu kwaikwayo sun riga sun ɗinka irinta da araha, sun cika kasuwa. Malam tela, wannan kai ba sai an yi maka bayani ba. Ka fitar da sabon aikin wuya ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ka gan shi rataye a shagon maƙwabcinka.

A watan Satumba na 2016, kamfanin Burberry na Ingila ya sauya tsari. Ya yi bikinsa a Landan, ana sauka daga dandamali kayan na shago da intanet. Ka gani yanzu, ka saya yanzu. Wasu ma suka yi haka. Cikinsu har da Tom Ford na Amurka. Shi kuwa bai jima ba, a 2017 ya janye, don lokacin kai kaya shaguna bai zo daidai da lokacin bikin ba. Kuma akwai wani nauyi a tsarin. Dole ka ɗinka kaya tuli tun kafin ka san ko za a so su. In an so, ka ci riba. In ba a so ba, jarinka ya kwanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Inda abin ya kankama sosai shi ne ƙasar Sin. A 2016 ɗin nan dai kamfanin Alibaba ya buɗe sashen ciniki kai tsaye a kasuwarsa ta Taobao. Mai talla na magana, hoton kayan na ƙasan allo, ka danna ka biya ba tare da ka bar kallo ba. An ruwaito wani matashi mai suna Li Jiaqi ya sayar da jan baki 15,000 cikin minti biyar. Da annobar korona ta hana taro, a watan Maris na 2020, aka mayar da makon nunin tufafi na birnin Shanghai kacokan kan waya. Masu ɗinki da kamfanoni sama da 150 suka nuna kayansu a bidiyo, masu kallo na saye daga ɗakunansu.

Kada ku ɗauka ko'ina abin ya karɓu haka. Facebook ya taɓa sa maɓallin saye a cikin bidiyonsa na kai tsaye, ya cire shi a watan Oktoba na 2022. Instagram ma ya cire nasa a watan Maris na 2023. Bidiyon na nan, maɓallin ne babu. Shi ya sa a nan gida cinikin yake da zango biyu. A gani a TikTok ko Facebook ko Instagram, a ƙarasa magana a WhatsApp, a tura kuɗi ta banki.

Abin da nake so ku ɗauka daga wannan kashi guda ɗaya ne. Sha'awar tufa ba ta da tsawon rai. Ido ya gani, zuciya ta so, in ba a yi ciniki a lokacin ba, gobe wata ce za ta shiga ido. Na sake faɗa. Sha'awar tufa ba ta da tsawon rai.

Kashi na biyu. Mu ina namu dandamalin yake?

A Legas akwai makon nunin tufafi, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011. A Nijar akwai bikin FIMA, wanda mai zanen tufafi Alphadi ya fara a 1998, a cikin hamada, a Tiguidit kusa da Agadas. Da aka kawo shi Yamai a shekarar 2000, an yi zanga-zangar ƙin amincewa da shi a Yamai da Maraɗi. Dalilin bai ɓuya ba. Jama'a ba su yarda a fito da mata suna taku gaban maza ba. Mu a Zamfara, inda ake aiki da shari'a tun shekarar 2000, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Ni ban zo in ce a kafa irin wannan dandamali a Tsafe ba. Ba ma buƙatarsa.

Muna da namu tun kaka da kakanni. Ranar Sallah. Ku tuna hanyar idi da safe, shadda na ƙyalli, an sha bugu, hula ta zauna daram. Ku tuna yawon Sallah na yara da 'yan mata. Ga biki, ga suna, ga walima, ga Juma'a. A gidan biki, Hajiya ta shigo da leshi, kafin ta zauna wata ta kama gefen mayafinta. "Yaya, a ina kika samo wannan?" "Wa ya ɗinka miki?" Wannan tambayar kuɗi ce. Duk mai sana'ar tufafi, aikinsa shi ne ya kasance a kusa lokacin da aka yi ta.

Saboda haka ku duba kalanda, ku tsara fitowarku. Mai sayar da yadi da atamfa da shadda, lokacinka Sha'aban ne da goman farko na azumi. Don me? Don daga tsakiyar azumi teloli sun rufe karɓar ɗinki. Wanda ya sayi yadi ranar ashirin da biyar ga wata, sai dai ya ajiye wa babbar Sallah. Mai ɗinkakkun kaya, abaya da dogayen riguna da kaftanin yara da hijabai, naki lokacin goman ƙarshe ne, sa'ad da wanda tela ya juya wa baya yake neman mafita.

Ga kuma wani lokaci da yawancinmu ke barci a cikinsa. Kwana uku zuwa mako guda bayan Sallah. An gaji, an rufe shago, an tafi ziyara. Alhali a daidai lokacin ne hotunan Sallah ke yawo a waya, kowa na tambayar ɗinkin wane da atamfar wance. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba wata biyu ne da kwana goma. Kuma bayan Sallah bukukuwan aure ke ɓarkewa. Tela mai wayo, ranar uku ga Sallah zai kunna waya ya ce, ga ɗinkin da kuka gani a idi, ga yadinsa, mai so na babbar Sallah ya kama layi tun yanzu.

Sai kaka. Manomin Bungudu da na Kucheri, in ya kai masara da waken suya kasuwa, lokacin ne aljihu ke da nauyi. Lokacin ne ake haɗa lefe. Mai atamfa da ya fito da bidiyonsa a tsakiyar damina, ana fama da kuɗin taki, kada ya ga laifin waya in ba a saya ba.

Wata za ta ce, Malam, ni matar aure ce, ba zan fito da fuskata a TikTok ba. Hajiya, ba wanda ya ce ki fito. Ki saurari wannan. A watan Mayu na 2020, wata mai ɗinki 'yar asalin Kwango da ke zaune a Amurka, Anifa Mvuemba, ta nuna sabbin kayanta kai tsaye a Instagram. Babu mutum ko ɗaya a cikin rigunan. Da kwamfuta aka tsara su, suna tafiya su kaɗai a kan baƙin fili. Duniya ta yi ta magana a kai. Ke ba ki da wannan na'ura, kuma ba kya buƙatarta. Darasin shi ne, tufar ake son gani. Hanga ta isa. Tebur ya isa. Hannunki da muryarki sun isa. Masu amfani da mutum-mutumi kuma su tuna, a 2021 Hisbar Kano ta yi magana a kan masu kai da ake jerawa a shaguna. Ku tambayi malamanku, ku zauna lafiya da kowa. Kuma ki yi shawara da maigida tun kafin ki fara, kada ya ji muryarki a wayar abokinsa.

Mu ɗan numfasa. In an jima kaɗan, kashi na uku, yadda ake yi.

Madalla. Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan sayar da tufafi kai tsaye ta waya. Kashi na uku, yadda ake yi. A nan za mu daɗe.

Kun san dillaliya. Ta yi sallama, ta sauke ƙulli a tsakar gida, ta kwance. Matan gida su kewaye ta. Wannan ta ja, waccan ta murza, wata ta kai hanci. Dillaliya ta san wadda ke da biki a gaba, ta san wadda ke biya, ta san wadda sai an bi ta. Cinikin kai tsaye shi ne wannan zaman, sai dai tsakar gidan ta kai har Kaduna da Abuja. Abin da ya ragu guda ne, kuma babba ne. Mai saye ba ta iya taɓawa. To hannunki ne zai zama hannunta.

A ce ga wata baiwar Allah a Kucheri. Ta saro atamfa turmi ashirin daga Kantin Kwari a Kano, da leshi kaɗan, da mayafai. Me za ta yi?

Tun kwana biyu kafin ranar za ta sanar. Ta sa a WhatsApp, ranar kaza, ƙarfe kaza. Ta zaɓi lokacin da mata suka sauke tukunya, ba lokacin da ake fama da girki ko shirin makaranta ba. Kuma in ta ce ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, to ya zama ƙarfe huɗu da rabi. Masu kallo ba sa jira.

Sai ta lika wa kowane turmi lamba. Ta yanka kwali, ta rubuta ɗaya, biyu, uku, da babban rubutu. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi ke hana rigima. In babu lamba, za ki ji ana cewa, "Ni mai ruwan goron nan nake so." Alhali masu ruwan goro huɗu ne. In da lamba, magana ta ƙare. "Lamba bakwai, nawa ne." Wadda ta fara rubutawa ita ke da shi.

Sai haske. Jama'a, ku kula da haske. Waya maƙaryaciya ce a kan launi. Ƙwan lantarki mai ja yana mayar da farar shadda ruwan madara. Fitilar nan mai zagaye da 'yan TikTok ke so tana sa yadi mai arha ya yi ƙyallin da ba nasa ba. Hasken rana a inuwa shi ne mai gaskiya. Bakin ƙofa, ko ƙarƙashin rumfa, da hantsi ko bayan la'asar. Kuma ki faɗi launin da baki. Ki ce, wannan ruwan toka ne mai duhu, a waya ya fi haske. Wannan makuba ce, ba ja ba. Ki ajiye farar takarda kusa da shi don ido ya samu abin gwadawa.

Sannan ta warware turmin. Kada a nuna atamfa a naɗe cikin leda. A buɗe. A nuna gaba, a nuna baya, don a nan ake gane mai kyau, wadda zanenta ya ratsa, da wadda bayanta ya yi fari. A matso da bakin zanen kusa da waya, inda aka buga suna, a bar masu kallo su karanta da kansu. A ɗaga shi sama a hasken rana, a ga kaurinsa. A damƙe shi a tafin hannu, a saki, a ga ko ya yamutse. In shadda ce, a kaɗa ta kusa da waya, a ji ƙararta. Mai son burge masu saye ta yanki ƙyalle, ta tsoma a kofin ruwa da ɗan sabulu a gabansu, a ga ko tana zuba. Sai ta ɗauko awo ta gwada, yadi shida cif. Wannan minti biyun ya fi rantsuwa goma.

Kuma a kira kaya da sunansa. Getzner ta asali daga ƙasar Ostiriya take zuwa. Holan ta asali kamfanin Vlisco ke yin ta a ƙasar Holan. Yawancin abin da ke cika kasuwanninmu yau daga Sin yake, kuma a cikinsa akwai mai kyau, akwai na banza. Ba abin kunya ba ne ka ce wannan na Sin ne, mai kyau, ga kuɗinsa. Abin kunya shi ne ka kira shi da sunan da ba nasa ba.  

Mutum ɗaya ba ya iya wannan aiki. Ana son biyu. Ɗaya na ɗaga kaya yana magana. Ɗaya na zaune da littafi da biro, yana karanta saƙonni, yana rubuta suna da lamba. Ɗiyarki ko ƙanenki ya isa. A jingina wayar a kan abu, kada a riƙe a hannu tana rawa. A cika caji. A sayi data isasshiya, don bidiyo kai tsaye na shan data, kuma kun san tun farkon 2025 aka ƙara kuɗin kira da na data. A gwada sabis a ɗakin tun da wuri. Wani gidan sai a bakin rijiya sabis ke kamawa.

Ki faɗi kuɗi a fili. Wannan ɗabi'ar ta "ki biyo ni ta akwatin saƙo in faɗa miki" tana korar mutane. Bahaushe na son tayi, na sani. To ki bar ɗan wurin ragi, amma ki faɗi farashi. Kuma ki maimaita. Duk bayan 'yan mintoci ki sake faɗin sunan sana'arki, da garin da kike, da yadda ake biya, don masu kallo shigowa suke suna fita.

Kada ki karaya in mutum takwas ne suka shigo ranar farko. Takwas ɗin nan, in biyu suka saya suka ji daɗi, su za su kawo na gaba. TikTok ma ba ya buɗe wa kowa damar kai tsaye, sai mai shekara 18, kuma galibi sai mabiya sun kai dubu. Kafin nan ga Facebook. Ga kiran bidiyo na WhatsApp da 'yan amintattun masu sayenki.

Malam tela, kai kuma ga naka. Ka tuna nauyin da na ce ku riƙe? Ɗinka kaya tuli kafin a san ko za a so. Kai kana da mafitar da manyan kamfanoni ba su da ita. Ɗinka samfuri ɗaya na kowane salo. Ka nuna shi. Ka juya cikinsa a ga yadda ka kashe bakin ɗinki, a ga aljihu, a ga aikin wuya kusa-kusa. Wanda ya so ya turo awonsa da kafin alƙalami. Amma ka ƙirga ƙarfinka tukuna. In kaftani talatin kake iya gamawa kafin Sallah, ana cika talatin ka ce an rufe. Ka faɗa da bakinka a bidiyon, an rufe. Kowa ya san yadda shagon tela ke zama daren Sallah. Wanda kuwa ya biya ta waya, in ka saɓa masa, ba shago zai zo ya yi faɗa ba. A wayar zai yi, gaban duk masu kallonka.

Hotunan biki kuma, a yi hattara. Don kin ɗinka wa amarya kaya, ba ki da ikon watsa hotonta. A nemi izini. In ba a bayar ba, a nuna rigar a hanga kafin a kai mata.

Kashi na huɗu. Me shari'a ta ce?

Wani zai yi zaton cinikin abin da ba ka taɓa ba sabon abu ne. Malamanmu na Malikiyya sun tattauna shi tun fiye da shekara dubu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya wuce ta babin ciniki. A can an yi maganar sayen dila a ɗaure bisa barnamaji. Barnamaji shi ne takardar da ke bayyana abin da ke cikin dilar, irinsa da adadinsa da siffarsa. An halatta wannan. In an kwance aka samu yadda aka siffanta, ciniki ya zauna. In ya saɓa, mai saye na da zaɓi. A babin nan dai an hana cinikin tufar da ba a buɗe ba kuma ba a siffanta ba, haka ma ciniki cikin duhun da ido ba ya tantancewa. Kun ga maganar warware turmi da maganar haske ba ni na ƙago su ba.

Akwai abu biyu da suka yi yawa a cinikin waya, kuma dukansu an hana.

Na farko shi ne najashi. Wato ka sa wani ya yi ta taya kaya, ba don zai saya ba, sai don a ruɗi na gefe. A waya ga yadda ake yin sa. Ka sa ƙannenka uku su shigo da wasu sunaye. "Na ɗauki biyu." "Kai, wannan ya yi araha." "Saura nawa?" Baƙo ya ga ana rububi, ya yi sauri ya biya. Wannan najashi ne, ko da a TikTok aka yi shi. Haka cewa saura ɗaya alhali dila na ɗaki.

Na biyu, sayar da abin da ba ka mallaka ba. Ka ɗauko bidiyon wani shago na Kwari, ka sa kamar naka, ka karɓi kuɗin mutane, sannan ka fara neman kayan. Ka je ka tarar ya ƙare, ko kuɗinsa ya tashi. Sai kame-kame, sai a turo wa mutum "mai kama da shi". In dillanci kake, ka ce dillanci nake. In sai ka saro, ka faɗa, ka sa rana. Ciniki irin na biya yanzu a kawo daga baya yana da sharuɗɗansa a fiƙihu, ka zauna da malami ya warware maka.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, kuma dokarta ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya saya bisa siffantawa in suka zo saɓanin yadda aka faɗa. Don haka rubuta "ba a dawo da kaya" ba ya wanke wanda ya yi algus.

Kashi na ƙarshe, kuɗi da hanya. Zan taƙaita, amma ku buɗe kunne.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har tsofaffi sun koyi tura kuɗi ta waya. Masu damfara ma sun koya. Kada ki yarda da hoton rasit. Kada ki yarda da saƙon alat kawai, akwai na bogi. Ki buɗe asusunki, ki ga kuɗin sun zauna, sannan kaya su fita. Kuma asusun ya kasance da sunanki ko sunan sana'arki, wanda kika faɗa a bidiyo. Masu saye, ku ma ku duba. In sunan da ya fito a banki ya saɓa da wanda aka faɗa, ku dakata. Wanda ba ku sani ba, ku fara da turmi ɗaya. Ku ce ya ɗaga kayan ya ambaci sunanku a bidiyo, don ku tabbata suna hannunsa.

Kai kaya, yawanci motar haya ce. A tasha a ba direba, a karɓi lambarsa da lambar mota, a tura wa mai saye. A ɗauki hoton ƙullin kafin a rufe. A yi magana tun farko, kuɗin mota a kan wa yake, kuma in ya ɓace a hanya wa zai ɗauka.

Sai tsaro. Mu da ke kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa mun san halin da ake ciki, Allah ya kawo mana sauƙi. Wannan na cikin abin da ya sa cinikin waya ke da amfani a gare mu, yana rage zirga-zirga. Amma bidiyo kai tsaye kowa na kallo, na kirki da wanda ba na kirki ba. Kada a nuna ƙofar gida. Kada a nuna ɗakin ajiya cike da kaya. Kada a ƙirga kuɗi a gaban waya, kada a yi alfahari da cinikin da aka yi. Kada ka ce gobe da asuba zan shiga Kano sari. A rataya labule ko zane a baya, a nuna kaya kawai. Mai zuwa karɓa, a haɗu da shi a shago ko a tasha.

Abu ɗaya ya rage. Kun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro? Gusau ta yi makonni babu sabis, wasu yankunan suka fi haka daɗewa. Wanda duk masu sayensa ke cikin Facebook, a ranar ya rasa su gaba ɗaya. Ko ba a katse layi ba, ana sace waya, ana rufe shafi. Don haka littafin nan da ɗiyarki ke rubutu a ciki, ki adana shi. Suna, gari, lambar waya, abin da ta saya, launin da take so, awonta in ɗinki ne. In Sha'aban ya kama, ki buɗe shi, ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ki ce Hajiya sabbin kaya sun iso, ranar kaza zan nuna.

Lokaci ya cim mana. Teloli, a koma kan keke. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.